Wanda Ya Ce Bakwai

Asabar, 4 ga Maris, ƙarfe tara da rabi na safe

Ban buɗe shago ba. Mai son aski ya tafi Kukuo, can ma akwai almakashi.

Wannan littafin na finafinai ne, kuma finafinai zan rubuta a ciki. Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk lokacin da azumi ya matso, kafin Taufiƙ ya rufe gidan kallonsa na wata guda, ni ke fitar da finafinai biyar da suka fi kowanne a shekara. Ya rubuta su da alli a jikin ƙofa, mutane su taru su zage ni. Ni ba ruwana da labari, ba ruwana da waƙa, soyayya kuwa ko kyauta ba na so. Dukan ƙarshe nake dubawa, lokacin da buloman, jarumin fim, ya ritsa kila, mugun fim, ya fara ba shi haƙƙinsa. A nan nake hawa kan benci ina ƙirga dukan da ƙarfi, ɗaki yana amsawa. Shi ya sa rabin Sabonjida, unguwarmu a nan Tamale, ba su san sunana Abdul-Kudus ba, Rafali suke ce mini.

Na biyar: Tela Ya Haukace. Mu muke raɗa musu suna, wa ya iya karanta rubutun 'yan Sin? Wani tela ne salihi, aka ƙone masa keke, ya bi mutum tara da almakashi da dutsen guga. Kila kuwa a kan teburin yanka ya shimfiɗa shi. Talatin da huɗu na ƙirga, na ƙarshen da dutsen guga mai wuta a kumatu. Kai, ranar har benci ya karye.

Ziblim bai yarda ba. Ziblim mai walda, wanda rumfarsa ke jikin shagona, tun muna samari benci ɗaya muke zama, ni ta bango shi ta hanya. Ya ce talatin da uku ne, wai na haɗa da wanda ya kuskure. Mun yi sati biyu muna wannan musu, har na ce ba zan ƙara yi masa aski ba, ya ce dama kansa ya gaji da ni.

Ziblim yana asibiti. Bai farka ba.

Asabar, bayan la'asar

Sadia ta shigo sau uku ta ce in ci abinci. Matata ce, amma yau ji nake in ta ƙara buɗe ƙofar nan zan yi jifa da kwanon.

To bari in rubuta sau ɗaya in huta. Jiya bayan an sauko Juma'a, kan mutum yana hannuna, rabi a aske, Ziblim ya leƙo ya ce moto ɗinsa, wato babur, yana wurin gyara, in ba shi nawa ya je Vittin ya karɓo mana sabon fim. Ko ɗagowa ban yi ba, na jefa masa makulli na ce, "Jan nan na bayan masallaci." Ashe ja biyu ne a bayan masallaci, iri ɗaya. Makullina kuma shege ya cinye, kowane moto ya samu tayarwa yake yi.

Sai ihu. Tayiga! Tayiga! Ɓarawo! Kowa ya san garin nan, in aka ce ɓarawon moto ba a tambaya. Wanda ya fito masallaci da carbi a hannu, shi ne zai fara neman bulo. Na bar kan mutumin na fita, yadda kowa ya fita. Wallahi bai zo mini a rai ba. Na tarar da bayan mutane, katako yana tashi sama yana sauka, wani yana mirgino taya. Bayan mutane kawai na gani. In an tambaye ni abin da zan faɗa ke nan.

Sai da motar 'yan sanda ta zo aka watse. Moto ɗina yana nan inda na ajiye shi, ko taɓa shi ba a yi ba.

Lahadi, 5 ga Maris, azahar

Zafi. An ɗauke wuta. Bai farka ba.

Litinin, 6 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Ranar 'yancin kan ƙasar nan. 'Yan makaranta suna ta fareti, ganga tana shigowa har cikin ɗakin marasa lafiya, bum, bum, bum, daidai-daidai. Na kama kaina leɓena yana motsi. Na cije shi.

Ba don an ce mini shi ne ba, da na wuce gadon. Kan ya kumbura ya zama biyu, ido ɗaya ya shige ciki, an ɗaure muƙamuƙi da waya. Hannun dama, wanda yake riƙe sandar walda da shi, an naɗe shi har gwiwa. Mma Ashetu, uwarsa, tana ganina ta kama rigata tana kuka da Dagbanci, yarensu, tana cewa abokin ɗana ya zo, abokin ɗana ya zo. Na ajiye kular da Sadia ta ba ni. Wa zai ci?

Yayansa Abubakari yana tsaye a bakin taga. Mahauci ne, ƙato, ba ya dariya ko ranar Sallah. Bai taɓa taka gidan kallo ba, ya ce aikin marasa aiki ne. Ya yafito ni waje ya miƙo mini waya.

Ashe wani ɗan iska ya ɗauki bidiyon dukan. Bai kai minti ɗaya ba. Ƙafafu, bayan riguna, katako. Kowa yana ihu da Dagbanci. Amma kusa da mai wayar, sosai kusa, akwai wani da yake ƙirga da Hausa. Ɗaya! Jama'a su ce hee! Biyu! Hee! Da farko dukan a hargitse yake, kowa yana kai nasa. Daga uku sai suka fara jiran lambar.

"Ka ji shi?" in ji Abubakari. "Masu hannu zan same su ɗaya ɗaya. Amma wannan mai baki, shi nake so."

Na ce Allah ya tona asirinsa. Ya ce amin.

Talata, 7 ga Maris, da hantsi

Na huɗu: Direban Tifa. Na Indiya ne, amma ba rawa, shi ya sa na yarda da shi. Direban yana da gurguwar ƙafa, sai da kila ya sa aka jefa ƙanensa cikin injin niƙa dutse sannan ya tashi. Dukan ƙarshe da sarƙar ɗaure kaya aka yi shi, cikin ruwan sama. Duk saukar sarƙa sai haƙori ya tashi. Arba'in da ɗaya. Kila yana rarrafe yana roƙo, jini yana zuba ta hanci da baki, muna tafi. Na ce wa Ziblim ranar, dubi ɗan banza, ya sha arba'in har yanzu yana da bakin magana.

A fim mutum yana shan arba'in ya yi magana. Ƙarya ce. Ashirin da shida ma ta isa.

Na buɗe shago. Mutum biyu suka zo, na yanki ɗaya a kunne.

Alhamis, 9 ga Maris, ƙarfe huɗu da kwata

Abubakari ya zo da kansa ya zauna a kujerata, wai in gyara masa gemu. Yana warin kitse da hayaƙi. Na ɗaura masa ƙyalle, na shafa kumfa, na ɗauko aska. Ya kwantar da kai baya ya rufe ido, maƙogwaro a buɗe.

Ya ce ya gama da mai moto. Shi da mahauta huɗu suka tare shi a hanyar Kukuo, suka ɗora hannuwansa a kan kututture, da bayan gatari. Duka biyun. "Shi ya fara ihu, to ya ci tuwo da ƙafa." Ya ce mai katako ma sun gane shi ta takalmi, yanzu ba shi da haƙoran gaba. Yana faɗa yadda ake ba da labarin cinikin kasuwa.

Sai ya ce, "Kudus, kai Hausa na gidanku ne. Ƙirga mini daga shida."

Askar tana kan jijiyar wuyansa. Ina ganin jijiyar tana bugawa.

Bai jira ni ba. Ya ce, "Mu nan Tamale muna ce bokoi, tokos. Bokoi, tokos. Kowa haka yake ce, Dagomba, Mosi, 'yan zango. Mutumin nan ya ce bak-wai. Tak-was. Na ji shi sau ɗari, kunnena ba ya ƙarya. Wannan bakin Najeriya ne."

Kakana daga Katsina ya zo da fataucin goro. Babana da bulala ya koya mana ƙirga. In ka ce bokoi a gidanmu sai ka sha mari, ya ce ba a haife ka a tasha ba. Gidajen da ake cewa bakwai a Sabonjida ba su kai goma ba.

Na ce, "Yaya Abubakari, baƙi sun yi yawa a garin yanzu, masu tallar nan."

Ya buɗe ido ya dube ni ta madubi. Ya ce, "Gaskiya ne. Allah ya yi maka albarka." Na gama gemun lafiya, ko ƙwarzane babu. Da ya fita na zagaya bayan shago na amayar da kokon safe.

Juma'a, 10 ga Maris, kafin masallaci

Bokoi. Tokos. Bokoi. Tokos. Ina ta maimaitawa a banɗaki. Ba ya zama a bakina.

Sati ɗaya yau.

Lahadi, 12 ga Maris, bayan magariba

Na je gidan kallo, don in na daina zuwa za a ce me ya sa. Na zauna ta bango. Ba wanda ya zauna ta hanya, ga ɗaki a cike, mutane a tsaye.

Fim ɗin wani mahaukacin soja ne, ba zai shiga biyar ba. Da aka zo dukan ƙarshe, buloman ya shaƙo kila ya fara. Ɗaki ya yi tsit. Ban taɓa jin ƙarar naushi a fim tsirara haka ba, ashe kamar ana dukan katifa take. Ba wanda ya juyo ya dube ni, kuma wallahi duk ƙeyar da ke ɗakin kallona take yi. Sun sani. Mutum sittin sun san muryar nan fiye da muryar limaminsu.

Da aka tashi Taufiƙ ya ja ni bayan janareta.

"Rafali, ba wanda zai yi magana."

Na ce maganar me?

"Haba. Ni za ka yi wa haka? Na leƙa bidiyon nan, na gane riga bakwai daga cikin ɗakin nan. In aka faɗi naka, za a faɗi nasu. Kowa ya riƙe kowa. Ka dai rufe bakinka a gaban mahauta."

Bokoi ya ce, riga bokoi. Ni ne na rubuta bakwai. Har a takarda hannuna ya ƙi.

Na shaƙo wuyan rigarsa na buga shi da bango, ban san lokacin da na yi ba. Na ce ni bayan mutane kawai na gani. Ya ce to, to, ya ji. Da na sake shi ya gyara riga, ya ce saura kwana goma, yana jiran biyar ɗinsa.

Talata, 14 ga Maris, ƙarfe ɗaya

Sun kama Malam Shamsuddini mai turare.

Bazamfare ne, dattijo mai furfura, wata huɗu da zuwansa Tamale, da tirensa a ka yake yawo. Ba ya jin Dagbanci ko na gaisuwa. Ya bi ta rumfar mahauta, suka kira shi, suka ce ya ƙirga musu kwalaben da ke tiren, za su kwashe duka. Bawan Allah da murnarsa ya tsuguna yana jerawa. Yana cewa bakwai aka sauke masa ƙashin cinyar saniya a ka.

Da ba don mata masu waken safe sun yi kururuwa sun rantse ranar Juma'ar nan a gabansu ya wuni a tasha ba, da an gama. Aka kawo shi shagona don in aske gefen raunin kafin a kai shi ɗinki. Kai ya tsage kamar tsawon yatsana, leɓe ya rabe biyu, kwalba ta shige tafin hannu. Jini da turare suka cika shagon. Har yanzu ƙamshin bai fita ba, na wanke ƙasa sau biyu.

Ina aske shi yana rawar jiki. Ya ji na ce wa wani ya miƙo mini auduga, sai ya kama hannuna.

"Ɗan'uwa, Hausarka ta gida ce. Don girman Allah gaya mini, me na yi musu?"

Na karya harshe na ce, "Baba, ni ba na sani. Yi hankuri."

Ni na ce masu talla. A kan kujerar nan na faɗa, da bakina. Tir da ni, tir.

Laraba, 15 ga Maris, da safe

Na uku: Kurman Jirgin Ƙasa. Hamsin da biyu, da shebur. Ba na son rubuta yadda aka yi.

Alhamis, 16 ga Maris, bayan la'asar

Sadia ta gani. Matan gidan da ke bayanmu suna kallo a waya wajen famfo, ta tsaya da bokiti ta saurara. Ta shigo ta rufe ƙofa, ta jingina da ita.

"Baban Latifatu, shekara tara gidan kallon nan yana bayan katangarmu. Ina daka ina jin ka, ina naƙuda ina jin ka."

Na ce murya tana kama da murya.

"Kada ka mayar da ni 'yar yarinya. Ni nake dafa abincin da kake kai wa uwarsa."

Ta ce ko dai in je in durƙusa gaban Mma Ashetu da liman, tun kafin mahauta su zo da kansu, ko kuma in hau motar Kumasi gobe da asuba. Na ce in na gudu ai na sa hannu ke nan. Ta ce to mai turare fa, shi ya sa hannu a me? Nan na ɗaga hannu. Ta tsaya tana kallona, ko ƙiftawa babu. A kan ƙofa na sauke shi, katakon ya tsage, yatsu biyu sun kumbura. Latifatu ta fashe da kuka a tsakar gida.

Ban taɓa dukan kowa ba a rayuwata. Ko a makarantar allo ni ake duka. Ranar ma ko tsinke ban ɗauka ba, hannuna mataji ne a ciki. Wannan ai gaskiya ce. A rubuta.

Juma'a, 17 ga Maris, ƙarfe uku

An ƙone rumfar da samarin bayan masallaci suke zama. An ce su ma sun sayo adduna. Liman ya yi huɗuba a kan haƙuri, rabin sahu ba kowa.

Abubakari ya fara bin gidajen Hausawa, yana sallama, yana zama, yana jan maza da hira. Ya shiga uku. Namu ya tsallake, ya ɗaga mini hannu daga kan moto.

Asabar, 18 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya

Ya farka.

Sadia ta yi guɗa, ta manta ba ma magana. Ni na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa, Allah shaida. Bayan nan na shiga banɗaki sau huɗu. Wanda yake ƙasa ana dukansa, yana ji? Kunne yana aiki a wannan lokacin? Wa zan tambaya?

Ban je ba. Na aika da kula, na ce zazzaɓi nake yi.

Lahadi, 19 ga Maris, da rana

Na biyu: Mai Wankin Gawa. Ziblim ya fi son shi a kan duka. Ya ce wannan ne na ɗaya, in ban sa shi na ɗaya ba zai walde mini ƙofar shago ina ciki. A ƙarshen fim ɗin buloman ya ɗaga guduma a kan kila, ya tsaya, ya ajiye ta ya tafi. Duka ko ɗaya babu. Na yi ta zagi ranar, na ce an cuce mu. Ziblim ya ce, "N-zo, kai ba ka kallo, lissafi kake yi." N-zo, abokina, haka yake kirana. Ya faɗi mace ya ce ya zo, ya faɗi namiji ya ce ya zo, shekara goma sha ɗaya ina gyara masa bai gyaru ba.

Na sa shi na biyu. Ban san me zan sa na ɗaya ba.

Litinin, 20 ga Maris, bayan azahar

Mma Ashetu ta aiko da leda, kayan da aka cire masa ranar, ta ce ita ba za ta iya taɓawa ba, Sadia ta wanke ko ta ƙone. Sadia ta zazzage a tsakar gida. Rigar ƙwallo ce ruwan ɗorawa, kafaɗar hagu duk ɓulin tartsatsin walda. Jinin ya bushe, rigar ta sandare kamar fata.

Ba bayan mutane kawai na gani ba.

A duka na sha tara wani ya ja baya don ya samu wurin ɗaga bulo, sai hanya ta buɗe. Na ga kafaɗar. Na ga ɓulin. Duk Tamale mutum ɗaya ne yake da rigar nan.

Na ce ashirin.

Ga tayar nan a gefe, ga mai jarkar fetur. In na ce nawa ne, ni na ba shi makulli, biyu za a ƙona. Wannan shi ne abin da nake gaya wa kaina, kuma gaskiya ne, tsoro na ji, har fitsari ya zubo mini. Amma akwai ɗaya. Tun daga ɗaya har sha takwas daɗi nake ji. Mutum sittin na saba da su, ranar sun fi ɗari biyu, kuma hannayensu jiran bakina suke yi. Ban taɓa samun amshi irin wannan ba. Da na ga rigar bakin ya riga ya tafi, ban san yadda ake tsayar da shi ba. Ban taɓa tsayawa a tsakiya ba.

Bakwai na ƙara bayan na gane shi. Bulo yana cikinsu.

Talata, 21 ga Maris, da yamma

Taufiƙ ya aiko a karɓi takarda. Na ba da huɗu. Ya dawo da ita wai saura ɗaya. Na ce ya rubuta abin da ya ga dama.

Abubakari ya kira. Ziblim ya fara magana ta tsakanin haƙora, ya ce gashi ya dame shi, a kira Kudus. Gobe ƙarfe goma. Ya ce kuma gobe zai kunna masa bidiyon, likita ya hana amma shi ya gaji da jira.

Na wasa aska. Sadia ta goge mini farar riga, ta ajiye a kan gado.

Laraba, 22 ga Maris, bayan la'asar

Na je.

An jingina shi da matashi biyu. Kumburin ya sauka, idon hagu ya tafi ke nan, an rufe shi da auduga. Da na dama ya bi ni tun daga ƙofa har na ajiye jaka. Na ce, "N-zo, sannu." Ya ɗaga yatsa ɗaya. Mma Ashetu tana zaune a tabarma tana jan carbi.

Na ɗaura masa ƙyalle. Na fara ta ƙeya, ina kewaye ɗinki. Ɗinki biyar ne a kan, na ga kowanne.

Abubakari ya jawo kujera ya zauna dab da gadon. Ya ce, "Ziblim, ka yi hankuri, sau ɗaya ne. Saurara da kyau." Ya kara masa wayar a kunne, ya ƙure ƙara. Duk ɗakin ana ji. Ɗaya, hee. Biyu, hee. Mai gadon kusa ya juya fuska bango. Ni ina tsaye a bayan kansa da aska a hannu, ina jin kaina ina cewa bakwai, takwas. Wuƙar Abubakari tana ƙugunsa, kullum a nan take. Na duba ƙofa, taku shida ne.

Bidiyon ya ƙare. Abubakari ya ce, "Wane ne?"

Numfashin Ziblim yana fita ta wayar muƙamuƙinsa yana fito.

"Ban san shi ba."

"Sake ji."

"Na ji. Ban san shi ba. Baƙo ne, ya tafi." Ya huta. "Yaya, ya isa. Gobe azumi. Rantse mini a gaban Mma, ba ka ƙara taɓa kowa."

Abubakari ya miƙe, kujera ta faɗi. Ya yi ta faɗa da Dagbanci, yana nuna idon, yana nuna hannun. Mma Ashetu ta tashi ta kama gemunsa, tsohuwar da ba ta kai ƙirjinsa ba, ta ce ya rantse. Ya rantse. Ƙaton nan ya fashe da kuka kamar yaro, ya fita, ta bi shi.

Saura ni da shi. Na ci gaba da aski, don ban san me zan yi da hannuna ba. Hawaye yana ɗiga a kan ƙyallen. Na buɗe baki in faɗa, wallahi na buɗe, na ce, "Ziblim, ni..."

Ya ɗago hannun hagu ya kama wuyan hannuna, wanda ke riƙe da askar. Ba ƙarfi a riƙon. Ya jawo ni har kunnena ya zo bakinsa.

"Ina ƙasa, ba na ganin komai. Sai na ji muryanka." Ya haɗiye miyau da ƙyar. "Na ce alhamdu lillahi, Kudus ya zo."



Ya sake ni. Ya rufe idon. Ya ce, "Gama askin. Gobe kar ka zo. Jibi ma."

Na gama. Gefen hagu bai yi daidai ba. Na kaɗe ƙyallen, na share gashin da ke ƙasa, na haɗa jakata. Bai buɗe ido ba.

A baranda Abubakari ya tare ni, fuska duk hawaye, ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Ya ce duk abokan Ziblim ni kaɗai ne ɗan halak. Ya ce gobe in zo da wuri, mu sha ruwa tare a bakin gadon.

Na ce to.